Shaidar da Na Bayar a Gaban Babanku

Tun kuna ƙanana kuke jin dangina suna cewa babanku baƙo ne da ya ci tuwon gidanmu, ya juyo ya ɗaure mana ɗa. Kun ji a gidan suna, kun ji a gidan biki, wani lokaci ma a gabana ake faɗa. Ban taɓa tankawa ba, domin a lokacin Inna tana da rai, bayan rasuwarta kuma na ga kamar maganar ta tsufa. Yanzu ƙafa ta ƙi, ido ya fara ragewa, waɗanda suka ga abin da idonsu duk sun riga ni. In ban faɗa ba babu mai faɗa. Zan rubuta muku da bokon da shi kansa ya koya mini a tsakar gidanmu na Tudun Wada, yana zana baƙaƙe a ƙasa da tsinke ina bi.

Babanku mutumin Saliyo ne, can bakin teku. Kakarsa ta wajen uwa 'yar ƙasar Zazzau ce. An kama ta tana yarinya a wani hari, aka yi ta sayar da ita hannu zuwa hannu har ta kai jirgin ruwa, Turawa suka tare jirgin suka sauke su a Saliyo. A hannunta ya tashi, a bakinta ya koyi Hausa da salla. Ya yi karatun shari'ar Turawa a Ingila, ya zauna Ikko, da ya ji jirgin ƙasa ya iso Zariya sai ya biyo shi. A wancan zamani ba a barin lauya ya tsaya gaban alƙali a ƙasar Arewa, saboda haka aikinsa bai wuce rubuta wa 'yan kanti yarjejeniyar sayen gyaɗa da auduga ba. Mutanen ƙasarsu duk Sabon Gari suke sauka. Shi ya ƙi, ya ce bai yi wannan doguwar tafiya don ya zo ya ji Turanci ba. Ya zo Tudun Wada, wadda a lokacin gidajen ciyawa sun fi soraye yawa, kowa kuma baƙo ne: Kanawa, Katsinawa, Barebari, Nufawa, da tsofaffin soja da aka sallama. Babana maɗinki ne, shi ya ba shi shagon da ke jikin zaurenmu. Unguwa ta sa masa suna Lauya, sunan ya bi shi.

Hausarsa ta tsofaffin mata ce, tunda ita ya gada. Ranar da liman ya fara gaishe shi a ƙofar masallaci, sai ya amsa masa da cewa, lafiya lau ɗan nan. Aka yi ta dariya har shi ma ya shiga. Ni lokacin bazawara ce, aurena na fari ya mutu ba haihuwa, ina zaune gida ina kaɗi. Ni nake aika masa da abinci, kullum akushi ya dawo da tambaya: wannan ganyen me ake ce masa, wannan miyar da me aka kaɗa ta. Da babana ya tambaye ni ko ina son sa, ban ɗaga kai ba, ban kuma ce a'a ba. Babana bai daɗe ba bayan auren ya rasu, ya bar Inna a hannun yayana Garba, wanda yake bara ne a gidan wani babban mutum a cikin birni.

Zaman da muka yi da babanku ban san yadda zan kwatanta muku shi ba. Mutum ne mai son zama kusa da murhu. Yakan dawo daga bariki ya tuɓe kwat, ya sa 'yar shara, ya kife turmi ya zauna a kai ina dama faten tsaki, yana ba ni labarin Ingila, garin da rana ba ta fitowa sai ta ga dama. In Inna ta shigo ta same shi haka sai ta kawar da kai, ta ce ita dai ba ta taɓa ganin namiji da gemunsa a bakin tukunya ba. Shi kuwa sai ya durƙusa ya gaishe ta har ƙasa, ya ce Inna a ƙara mini yakuwa. Tana faɗa tana ƙara masa. Ranar Juma'a da yamma yakan saɓa ɗan fari a kafaɗa ya fita bayan unguwa, ya tsaya yana kallon dutsen Kufena, domin shi kaɗai ne abin da kakarsa ta iya tunawa na ƙasarsu.

A daminar da ɗan fari ya fara tafiya aka kashe wani hakimi na kudancin Zazzau. Ba zan kama sunansa ba, ba kuma zan kama sunan gundumarsa ba. Dattijo ne da ya zo Zariya ya gaya wa Razdan, babban Baturen lardi, cewa ba zai ƙara ɗibar masa mutane aikin hanya ana tsakiyar noma ba. Yana komawa gida, a mashigin wani rafi, aka harbe shi da kibiya mai dafi daga cikin kurmi. Mai kula da dokinsa, wani saurayi Tanimu, ya firgita ya haye dokin ya gudu. Dogarai suka kama shi da dokin a wani ƙauye, aka ce shi ya haɗa baki da ɓarayi don ya sace doki. Di'o, ƙaramin Baturen da ke kula da gundumar, ya yarda da haka nan take. Amma mutanen hakimin suka ce ba su yarda ba, ba kuma mai biyan haraji sai an gaya musu wanda ya kashe musu uba. Kowa ya san akwai mai neman rawanin nan tun da daɗewa, kowa kuma ya san Di'o yana son sa. Wannan mai neman rawani shi ne ubangidan Yaya Garba.

Da magana ta kai Kaduna sai Gwamna ya aiko Joji, wani tsohon Baturen shari'a, ya yi bincike. Joji bai yarda da tafintocin bariki ba, ya nemi wanda ya san doka kuma yake jin Hausa da kunnensa. Babu wani sai babanku. Aka ba shi aikin nemo shaidu da yi musu tambayoyi a gaban Joji. Na tuna ranar da ya dawo da labarin, fuskarsa kamar ta ango. Ya ce yau ne karon farko da karatunsa zai amfani mutanen kakarsa. Ya yi ta hawa doki zuwa kudu cikin ruwa da taɓo, yana zama da masu kwale-kwale da masu tallan nono yana sauraro. A can wata Bafulatana ta gaya masa ta ga wani mutumin birni ranar kasuwar da aka yi kisan, yana tsaye da maharba biyu a bakin rafi yana nuna musu hanya, ta kuma kwatanta shi har da tabon da ke gefen wuyansa. Tabon nan na san shi, wutar kara ce ta ƙone shi muna yara.

Aka kira Yaya gaban Joji. Ya rantse bai taka kudu ba, ya ce ranar nan a Tudun Wada ya yini, a gidan ƙanwarsa, gidan Lauya kansa. Ya san babanku yana Kaduna a ranar, ya kuma ɗauka babu mai kiran matar aure bariki.

Washegari da hantsi ina daka, Inna ta shigo. Ba ta zauna ba.

"Rabi, yayanki ya ce ranar da aka yi abin nan a gidanki ya yini. In an tambaye ki, haka ne."

"Inna, rabon Yaya da gidan nan tun babbar salla."

"Na sani. Ba tambayarki na zo yi ba."

"Akwai yaron da za a rataye fa, Inna."

"Shi ma yana da uwa, ta yi masa kuka. Ni nawa na sani. Cikin da ya ɗauke ki shi ya ɗauke shi."

Ta juya ta fita. Na tsaya da taɓarya a hannu har kaji suka hau turmin.

Bayan la'asar babanku ya dawo. Bai tuɓe kwat ba, bai nemi turminsa ba. Ya zauna a bakin ƙofar ɗaki ya kira ni.

"Rabi, akwai tambayar da zan yi miki, amma ki ji yadda abin yake kafin ki amsa. Na gaya wa Joji cewa Garba surukina ne. Di'o ya ce tunda haka ne in sauka. In na sauka, babu wanda zai ƙara kiran Bafulatanar nan, za a rufe bincike a rataye Tanimu. In na tsaya, dole in kira ki."

"In na ce ya yini a nan fa, Malam?"

"Sai a rubuta haka. Ni ina Kaduna, ban ga komai ba. Ke da Allah kuka sani."

"In na ce ba zan je ba?"

"Ba zan sa a ɗauko ki ba. Matata ce ke kafin ki zama shaida."

Bai sake tambaya ba. Kwanakin da suka biyo baya muna cin abinci muna hira a kan yaro da tsadar gero, kamar ba komai.

Abin da ya yanke mini shawara ba wa'azi ba ne. Wata mata ce ta fara zama a gindin bishiyar bedin da ke ƙofar gidanmu, da goyo, ƙafafunta duk sun kumbura. Tana zuwa da safe, ta tashi da yamma, ba ta roƙo, ba ta magana da kowa. Na aika mata da fura aka dawo da ita. Na yafa mayafi na leƙa zaure na kira ta.

"Baiwar Allah, daga ina?"

"Daga kudu. Ni ce matar Tanimu."

"Me ya hana ki shan furar?"

"Ba yunwa ta kawo ni ba. An ce mai gidan nan yana tambayar mutane, yana kuma saurarar abin da suka ce. Na zo in zauna inda zai riƙa ganina."

Ba ta san ko ni wace ce a cikin maganar ba. Ta yi mini godiya, ta gyara goyonta, ta koma gindin bishiyar. Da babanku ya dawo na ce masa ya kira ni.

An kafa mini asabari a kusurwar ɗakin shari'a na bariki don kada maza su gan ni. Ta tsakanin karan ina hango Joji da jan fuskarsa, da Di'o yana wasa da hularsa, da Tanimu da mari a ƙafa, da Yaya zaune a ƙasa tsakanin 'yan sanda. Na yi alwala, muhti ya miƙo Alƙur'ani na dafa. Sai babanku ya miƙe cikin baƙar rigar lauyoyi da ban taɓa ganin sa da ita ba, ya fuskanci asabarin, ya yi magana da wata murya wadda ba ta gidanmu ba.

"Baiwar Allah, mene ne sunanki?"

Na faɗa.

"Kin san wannan mutum da ke zaune?"

"Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya."

"Ranar da aka kashe hakimi, ya zo gidanki?"

Kafin in buɗe baki na ji muryar Yaya, a hankali, irin yadda yake kirana muna yara in zai ba ni ɗanyar gyaɗa.

"Rabi, ni ne fa."

Joji ya buga tebur. Na ce bai zo ba. Babanku ya juya maganar da Turanci, na ji muryarsa ta ɗan karye a tsakiya, ya gyara ta ya ƙarasa. Yaya ya sunkuyar da kai. Daga nan ya ce a ba shi ruwa, ya sha, ya faɗi komai: wanda ya aike shi, inda ya samo maharban, da alkawarin da aka yi masa na sarautar kasuwa in rawani ya faɗo gidansu. Ya ce shi bai ja baka ba, nuni kawai ya yi. A ranar aka cire wa Tanimu mari.

Da babanku ya tsaya nan, da watakila mun tsufa tare. Amma ya ce wanda aka aika ya faɗi wanda ya aike shi, saboda haka sai a kira ubangidan Yaya ya amsa da bakinsa, a kuma tambayi Di'o me ya sa ya yi gaggawar rufe magana. Joji ya ja shi gefe ya ce ya bari, an sami mai laifi, ya isa. Babanku ya ce bai isa ba, ya maimaita a gaban jama'a. Ba a daɗe ba amsa ta zo daga Kaduna: maganar bara ɗaya ba ta kama babban mutum, an rufe bincike, an gode wa kowa. Aka yanke wa Yaya ɗauri mai tsawo aka tafi da shi Lakwaja. Aka ɗauke Di'o zuwa wani lardi ba tare da an ce masa komai ba. Mai neman rawani bai samu ba, amma ya mutu a gidansa, a kan gadonsa, da makaɗa a ƙofa. Babanku kuwa aka ce zamansa a Arewa yana tayar da hankalin talakawa, ya tattara ya ƙetare kogin Kwara kafin wata ya mutu, kada ya sake dawowa.

Ranar da aka wuce da Yaya tasha Inna ta faɗi a tsakar gida. Da ta farfaɗo, ɓarin jikinta na dama ya shanye, bakinta ya karkace. Dangi suka taru suka yi jaje suka watse, kowa yana cewa baƙon nan ne ya jawo, domin zagin baƙo ya fi sauƙi a kan zagin 'yar gida. Babu wanda ya ce zai ɗauke ta. Na sa aka kawo ta ɗakina.

Babanku yana ɗaure littattafansa a akwati, ni ina naɗe masa riguna. A lokacin ina da cikin Hafsatu.

"Akwai gida a Ikko, Rabi. Akwai Hausawa, akwai masallaci. Ba za ki yi kewa sosai ba."

"Inna ba za ta iya jirgi ba, Malam."

"Na sani."

"Na raba ta da ɗanta. Ba zan raba ta da 'yarta ba."

Ya zauna a kan akwatin ya rufe fuska da hannu. Da ya ɗago ya ce da ya san nan abin zai kai, da bai san ko zai karɓi aikin ba. Na ce da ya karɓa, ni ma da na sake faɗin abin da na faɗa. Muka yi shawara in ta sami sauƙi, ko in Allah ya yi ikonsa, sai in biyo shi da yara. Ya ce in mace na haifa in sa mata sunan kakarsa. Ya shiga ya durƙusa gaban Inna ya yi mata sallama, ta juya fuska bango. Ban raka shi tasha ba, ba a yi a lokacin. Ina tsaye a bakin rijiya na ji kukan jirgi, na ci gaba da jan guga don kada maƙwabta su ga na tsaya.

Mun ɗauka abin na shekara ɗaya ne. Inna ba ta warke ba, ba ta kuma tafi ba. Ni ke juya ta, ni ke mata wanka, ni ke ba ta koko a baki, shekara da shekaru ba ta ce mini komai ba sai abin da ya zama dole. Fatake masu kai shanu kudu su dawo da goro su ne tsakaninmu da babanku. Yakan aiko da atamfa da sabulu da takalman yara, kullum sun yi ƙanƙanta domin yana auna ku da yadda ya bar ku. Ni kuma in aika da tsaki da busasshiyar yakuwa da daddawa. Kowace shekara in ce a gaya masa baɗi, shi ma ya aiko cewa Allah ya kai mu. Tanimu yakan zo da kaka ya ajiye damin dawa a zaure ya tafi ba ya ko shan ruwa. Yaya da ya fito ya zo sau ɗaya, ya shiga ya ga Inna, ya wuce ni a tsakar gida kamar bango, ya nufi gabas. Ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Wata rana ina ƙulla saƙon da zan ba fatake, Inna tana kallona daga kan gado. Sai ta yi magana da karkataccen bakinta.

"Mijin nan naki, wa ke dama masa faten a can?"

"Ban sani ba, Inna."

"Ƙara masa yakuwa. Wannan ba ta isa ba."

Iyakar abin da ta taɓa cewa ke nan a kansa, ni kuma na karɓa.

Hafsatu ta fara ɗaukar tulu lokacin da madugun fataken, wani dattijo Bakano, ya yi sallama a zaure ba tare da kaya a hannu ba. Na tsaya bayan ƙofa, shi yana daga waje. Ya ce Lauya ya rasu tun kafin azumi, zazzaɓi ne na 'yan kwanaki, Hausawan zango ne suka yi masa sutura, an yi jama'a. Ya ce bai sake aure ba. Ya ce kowace yamma yakan zo zango ya zauna a kan buhun goro, in an ce ga wanda ya sauka daga Zariya sai ya matsa kusa da shi, ya tambayi ruwan bana, ya tambayi wa ya mutu wa ya haihu a Tudun Wada, har mutum ya gaji.

Na yi salati, na yi masa godiya. Ya miƙe zai tafi, na ji bakina ya riga ni.

"Baba madugu, ya yi furfura?"

Ina jin tambayar ta ba shi mamaki.

"Fari fat, 'yata. Kai da gemu duka."

Na koma ɗaki na juya Inna, domin lokacin juya ta ya yi. Na yi takaba a ɗakin nan, a gefen gadonta. Tun daga ranar nake ƙoƙarin ɗora masa furfurar nan a zuciyata, in ga tsohon da ya zama ba tare da ni ba. Yau na girme shi nesa, jikokina sun haifi nasu, har yanzu ta ƙi zama a kansa.